Ranar da Shafin Gwani Ya Koma Fari Fat

Akwai wani matashi mai haɗa manhaja da abokansa ke kira Gwani, shi kuma bai taɓa musa sunan ba. Tare yake aiki da yayarsa a wani ɗan ƙaramin ofis mai tebur biyu da fanka ɗaya.

Wata ƙungiya mai ɗaukar nauyin karatun ɗalibai ta ba su aikin gina shafin intanet na neman gurbi. Ɗalibi zai ɗauki hoton takardunsa da waya ya tura, manhajar ta haɗa su a fayil ɗin PDF guda ɗaya mai kyan karantawa.

Gwani ya ɗauki fuskar shafin: launi, rubutu, maɓallan da ake latsawa. Yaya ta ɗauki aikin bayan fage. Ta tsara yadda duk takardar da ta shigo za a adana ta tukuna, ta shiga layi, a juya ta zuwa PDF a natse ko da ɗalibin ya rufe wayarsa.

"Yaya, sati uku kina abu ɗaya, ni ban ga ko ɗigo a allo ba," in ji shi yana dariya.

"Ƙanina, in ka ga aikina a allo, to ya lalace ne," ta ce, ta tura masa kofin shayinsa.

Ranar rufe karɓar takardu, da hantsi, Gwani ya ga an fitar da sabon samfurin kayan da yake harhaɗa shafin da su. Ya ce zai sabunta, Yaya ta ce ya bari sai gobe. Ya amsa da to. Tana fita alwalar azahar, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya sabunta komai, ya ɗora a intanet.

Shafin ya koma fari fat.

Waya ta fara ruri, Gwani ya ɗauka. Shugabar ƙungiyar ce. "Ƙarfe huɗu za mu rufe! Ga wata yarinya a gabana tana kuka, ta ce tana cikin turawa komai ya ɓace. Daga ƙauyensu ta taso tun safe don ta sami sabis."

Gwani ya dubi farin allon. Gumi ya jiƙa masa riga duk da fankar.

Yaya ta shigo, ta dubi allon, ta dubi fuskarsa. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta karɓi wayar, ta nemi sunan yarinyar, ta duba layin takardun da ta tsara.

"Hajiya, ki ce ta share hawayenta. Takardunta bakwai sun shigo, an juya biyar, saura biyu suna kan layi. Na kowa ma yana nan."

Ta jawo kujerarta kusa da tasa. "Matso, nuna min abin da ka taɓa. Kai ka fi ni sanin ɓangarenka."

Ya nuna mata. Tare suka dawo da tsohon samfurin, suka sake harhaɗa shafin, suka gwada a wayarta kafin su ɗora. Cikin minti ashirin komai ya dawo. Takarda ko ɗaya ba ta salwanta ba.

Da shugabar ta sake kira tana tambayar abin da ya faru, Yaya ta fara cewa, "Ɗan kuskure muka yi..."

Gwani ya miƙa hannu ya karɓi wayar. "Hajiya, ni na yi shi, ni kaɗai. An hana ni ban ji ba. Aikin Yaya ne ya tsare takardun yaran nan."

Bayan ya ajiye, ya juyo gare ta. "Yaya, ki yi min faɗan mana, in huta."

Ta ja masa kunne a hankali. "Ni da na goya ka kana yi min fitsari a baya, yau ne zan fara jin haushinka? Tashi ka yi sallarka, lokaci na tafiya."

Darasi: Kada ka raina aikin da idonka bai gani ba, sau da yawa shi ke tallafe da naka. In kuma ɗan'uwanka ya yi tuntuɓe, ɗaga shi tukuna, faɗa ba ya guduwa. Ku tura labarin nan ga wanda ya taɓa rufa muku asiri a wurin aiki, ya san ba ku manta ba.