Akwatin Gawa a Kwamfutar Lungu

Akwai wani malamin firamare a Samaru, sunansa Othniel, wanda duk unguwa ta san shi da hali biyu. Ba ya zuwa asibiti, kuma ba a gaya masa abin da bai sani ba. In ka ce masa ana ruwa a Bomo, zai ce ai shi ya fara hango hadarin.

A shekarar 2008, wajen ƙarshen damina, jikin Malam Othniel ya fara yi masa wani iri. Ƙishirwa ba ta barinsa. Fitsari kuwa, kafin ya gama darasi ɗaya ya fita, ya dawo, ya sake fita. Wandonsa na zuwa coci ya fara zamewa, har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa a ɓoye.

Matarsa Jemimah ta dube shi wata rana ta ce, "Baban Clara, ka rame fa."

Ya ce, "Azumi nake yi."

"Wane irin azumi ne wannan da ake lashe kwano?"

"Na ruhu ne. Ba za ki gane ba."

Gaskiyar maganar, tsoro ne ya cika masa ciki. Wansa ya shiga asibiti da ƙafafunsa, aka fito da shi a lulluɓe. Tun daga nan Malam Othniel ya ɗauka cewa duk cutar da ba a faɗi sunanta ba, ba ta kisa.

Sai ya yanke shawarar tambayar kwamfuta, tunda ita ba ta da baki. Amma ba a Samaru ba, inda kowane shagon intanet ke cike da ɗalibai da iyayen yaran ajinsa. Bas yake shiga har Sabon Gari, shagon wani Bayarabe mai suna Jide. Ya sayi tikitin lokaci, ya wuce kwamfutar da ke can lungu, ya rubuta duk abin da ke damunsa da Turanci. Amsoshin kuwa kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Ya karanta har lokacinsa ya ƙare, ya koma gida ya ce taron malamai suka yi.

Wata Asabar Jide ya tarbe shi da murna. "Oga Ticha, ka zo a sa'a! Na sa sabuwar burauza, wato sabuwar ƙofar shiga intanet. Ko mako ba ta yi da fitowa ba."

"Wa ya yi ta?"

"Kamfanin nan dai da kake yi wa tambaya kullum. Akwatin wasiƙarka nasu ne. Taswirar duniya tasu ce, har rufin shagon nan suna gani daga sama. Yanzu ƙofar ma sun yi tasu. Wasu na kuka a jarida wai kamfani ɗaya zai haɗiye kowa, ya san sirrin kowa. Ni dai ba ruwana, sauri gare ta."

Malam Othniel ya ce ai ya daɗe da sanin wannan. Ya yi tambayoyinsa ya tafi. Amma maganar rufin nan ta bi shi har gida.

Asabar ta zagayo, ya dawo lungunsa. Ya danna harafi ɗaya tak. Kafin ya danna na biyu, kwamfutar ta ƙarasa masa tambayar gaba ɗaya, kalma bayan kalma, har da kuskuren da ya yi wancan makon.

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya waiga. Babu mai kallonsa.

Ya buɗe sabon shafi don ya gudu daga wancan. Sai ga ƙananan hotuna an jera masa. Na farko shafin cutar da ya fi karantawa. Na biyu shafin ciwon ƙoda. Na uku kuwa akwatin gawa ne, baƙi wuluk, yana sheƙi, da mariƙai ruwan zinare. Kusa da shi ga wani fari, an buɗe murfinsa, an shimfiɗa masa yadi a ciki kamar ana jiran baƙo.

Malam Othniel bai taɓa neman akwatin gawa ba a rayuwarsa.

Nan take lissafin ya haɗu a kansa. Mutanen da ke ganin rufin gida daga sama, suna riƙe da wasiƙarsa, sun karanta duk tambayoyinsa, to sun auna sun gama. Likita ma sai ya taɓa ka. Waɗannan daga ƙetaren teku suka duba, suka ce a nuna masa baƙi da fari ya zaɓa.

Wasu sun ce ƙafar takalmi ɗaya ya bari a shagon. Ni ban gani ba. Abin da na tabbatar shi ne, daga ranar ya fara yawo da lema a buɗe ko babu ruwa babu rana, don kada a hango shi daga sama. Ya cire batirin wayarsa ya sa a aljihu daban. Jirgin 'yan koyon tuƙi ya wuce ta saman makaranta, ya tsinci kansa a ƙarƙashin tebur, ya ce wa yara alli yake nema.

Ran Lahadi mawaƙa suka ɗauko waƙar gidanmu na sama, hawaye suka zubo masa har kan tayen da ya ɗaura a wuya. Da suka dawo gida ya fara gaya wa Jemimah inda iyakar gonarsu ta ƙauye ta tsaya, da waƙar da yake so a yi masa, da wanda bai yarda ya yi jawabi a kansa ba.

Jemimah ta ajiye muciya, ta tura ƙofa, ta jingina da ita. "Ba mai fita. Gaya mini."

Ya yi ta kewaye-kewaye, can dai ya fashe. Ya faɗi ƙishirwar, ya faɗi fitsarin, ya faɗi bel ɗin. Ya ce, "Maman Clara, kamfani ya riga ya gani. Har akwati sun nuna mini."

Ita ma ba ta san iyakar abin da waɗannan na'urori ke iyawa ba. Amma ta ce, "Gobe ka kai ni in ga akwatin da idona."

Washegari da suka isa shagon, akwai mutum a lungun. Wani ƙato ne, garin katako a gashinsa, fensir a hannu, yana kallon baƙin akwatin nan yana zana mariƙansa a jikin guntun katakon filawud.

Malam Othniel ya riƙe hannun matarsa. Ya ce, "Kin gani? Har sun turo mai aunawa."

Jide ya ji bayani, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce wannan ai Amaechi ne, kafinta daga Chikaji, yana zuwa kwafar sabon yayin akwati. Burauzar ba ta san Ticha ba, ba ta san kafinta ba. Duk shafin da aka fi buɗewa a kwamfutar, shi take jerawa a gaba, kowa ya zauna ya gani.

Amaechi ya juyo ya ƙare wa malamin kallo daga sama har ƙasa, irin kallon masu sana'arsa.

"Oga, ashe kai ne mai fitsarin? Duk wanda ya zauna nan sai ya karanta. Wata madam mai sayar da atamfa da ke zuwa nan ma ta ce a sa ka a addu'a, ba mu dai san fuskarka ba." Ya maƙale fensir a kunne. "Mamata haka ta yi. Tana shan magani, tana nan da ranta. Ka je asibiti yau. Masu cewa sai gobe, su nake yi wa aiki."

Malam Othniel ya roƙi Jide ya goge komai. Jide ya daina dariya. Ya ce, "Na cikin kwamfutar nan zan goge yanzu. Wanda ya riga ya tafi wurinsu kuwa, Oga Ticha, ban san hanyar dawo da shi ba."

Da suka fito bakin titi, Jemimah ta juyo ta dube shi ta ce:

"Kamfanin da bai san kakanka ba, ya sani. Kafinta ya sani. Mai atamfa ta sani. Ni da nake tashi in cika maka kofin ruwa, ni aka ce wa azumi."

Ta tsayar da mota, ba ta Samaru ba, ta asibiti.

Ciwon suga ne. Ya hau sosai, har likita ya hana shi komawa gida, ya ce da an ƙara jinkiri da ɗauko shi za a yi. Da nas ta zo da allura, Malam Othniel ya runtse ido ya miƙa hannu ɗaya. Ɗayan kuwa yana cikin na Jemimah, ya ƙi saki.

Darasi: Kada ka ba na'urar kamfani sirrin da ka hana wanda ke kwana da tashi da kai. Na'ura za ta ajiye maganarka, ta nuna wa wanda ba ka sani ba, amma ba za ta kama hannunka ta kai ka asibiti ba. In jikinka ya canza, faɗa wa naka, ka ga likita tun kana tafiya da ƙafarka. Ku tura wa duk wani Malam Othniel da ke gidanku, ko da zai ce ya riga ya karanta.