Barde Tunau da Uwar Kunkuran Teku

A zamanin Sarki Zailani na Birnin Murjani, mai yawan kyauta, mai saurin fushi, wani baƙin ifritu, mugu ɗan mugu, mai suna Dargazu, ya kwankwaɗe ruwan gaɓa ya bar kunkuran teku birjik a kan yashi mai ƙuna. Rundunarsa ta bi su tana fasawa da guduma, tana ɓamɓare ƙoƙon bayansu da ransu don yin garkuwa, har ya rage uwa guda mai ƙwai a ciki, wadda in ta mutu irinsu ya ƙare.

Sarki ya tashi bardensa Tunau ɗan Gwabro, jikan maharba. Tunau ya auka wa aljanu da sara da suka, kawuna na gangarawa, hanji na zuba, jini ya mai da yashi taɓo. Dargazu ya fizge masa hannun hagu tun daga kafaɗa, shi kuwa ya farke cikin la'ananne da na dama, ruwan da ya haɗiye ya kece ya tafi da gawarwakin.

Aka kawo uwar kunkuran zuwa fada da tsagaggen baya, masu ɗori suka liƙe shi da danƙo. Sarki, da karamcin da ba tambaya, ya ce ba za a sauki baƙuwarsa a ruwan gishiri ba, aka saka ta a tafkin ruwan daɗi mai turare. Bayanta ya warke, amma ta ƙi ci, idanunta suka kumbura. Tausayi ya kama Tunau, ya share mata hawaye, ya ɗanɗana, ya ji gishiri zalla.

Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, karamcinmu ne ke kashe ta. Teku take nema."

Sarki ya ce, "Wanda ya fitar da baƙuwata daga gidana, kansa zai bar wuyansa."

"Wuyan nan naka ne, ranka ya daɗe, amma sai na kai ta tukuna."

Ya goya ta, dogarai na saransa, jini na bin sawunsa har gaɓa. Ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, ta shige ruwa. Tunau ya dawo ya durƙusa wa takobin hauni, sarki ya ce a dakata a ga abin da yashi zai fitar.

Ranar da 'ya'yan suka fasa yashi suka nufi teku, shirwa suka yi musu ca. Sarki ya tuɓe takalma, ya shiga korar tsuntsayen da sandar mulki yana kuka. Nan bakin ruwa ya kwance rawaninsa ya naɗa wa Tunau, ya kira shi Sarkin Gaɓa. Allah Ya sa mu gane ƙishin wanda muke shayarwa.