Zazzaɓin Da Ke Bin Gadaje

Akwai wani dattijo masunci a nan garin Tumaco, sunansa Don Evaristo. Fitsari ya ƙi fita, aka kwantar da shi a asibiti, a gado na shida, aka sa masa robar fitsari mai zuba cikin leda kamar sauran tsofaffin ɗakin.

Ran Litinin da rana tsaka, mai gado na ɗaya ya kama karkarwa. Fitsarin ledarsa ya yi fari kamar ruwan shinkafa. Kwana uku, aka lulluɓe shi. Sai na biyu ya kama. Sai na uku. Jama'a, abin nan ba ya tsallake gado!

Mata suka kunna kyandir gaban hoton Maryamu, ana raɗe-raɗin mamacin ne ke kiran abokan jinyarsa.

Don Evaristo ya ce wa matarsa, "Casilda, saura biyu ya iso ni."

Doña Casilda, mai sana'ar suyar kifi, ba ta kunna kyandir ba, ido ta zuba. Kowace safiya nas Wilmer na juye ledojin cikin bokiti ɗaya, bakin kowace leda na goga bokitin, safar hannu ɗaya tun daga ƙofa har bango.

Ta ce masa, "Ɗana, canza safar nan mana, ka wanke hannu."

"Iya, daga suyar kifi sai koyar da likitanci? Gado ashirin, ni kaɗai. Matsa min!"

Ranar da na biyar ya fara karkarwa, ta sayo sabon bokiti da sabulu, ta tsaya ƙyam gaban gadon mijinta.

"Sai dai ka bi ta kaina."

Wilmer ya ja tsaki. "To juye da kanki, likita." Ya wuce zuwa gado na bakwai da bokitinsa.

Kwana biyu kowa na satar kallon Don Evaristo. Ko gumi bai yi ba, har romon kifi ya sha.

Gado na bakwai ne ya fara girgiza. Don Nicanor ne a kai, tsohon da ba mai zuwa duba shi. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Da Wilmer ya sunkuya da bokitin, tsohon ya cafke hannunsa, tafinsa zau kamar garwashi.

"Ashe kai ne kake kawo shi."

Maganar tsohon ta ƙarshe ke nan, shi ma aka lulluɓe shi.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya. Gyara ko daga bakin mai suyar kifi ya fito, karɓe shi. Wanke hannu kafin taɓa robar majinyaci. Ku tura wa masu jinya.