Ranar da Burgu Ya Ce Ya Gyara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu waya a hannu.

Ta zo mu ji ta da kunne biyu.

To, kowa ya kife wayarsa, ga ta nan tafe.

A wata shekara namun daji suka gaji da ɓarayin rumbu, sai birai suka ƙera musu kwaɗon zamani. Kwaɗon nan ba shi da ɗan makulli, da waya ake buɗe shi. Ka danna manhaja, ƙofa ta ce ƙaras, ta buɗe. Kowa ya saka a rumbunsa. Aka kuma buɗe zaure a intanet, wanda manhajarsa ta ba shi matsala ya rubuta tambaya, wanda ya sani ya amsa. Mai kula da zauren Malam Zalɓe ne, dogon tsuntsun nan mai tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ba ya wasa da ƙa'ida. Ka shigo ba sallama, ya goge maganarka. Ka yi tallar kabewa, ya goge maganarka.

Ana nan, ana nan, rannan da hantsi manhaja ta cije. A danna, shiru. A sake dannawa, shiru. Abinci na ciki, masu abinci na waje.

Burgu ne ya fara rubutawa: "Salamu alaikum. Jama'a, rumbuna ya ƙi buɗuwa. Yaya zan yi?"

Ɓauna ya ce, "Ni ma." Kura ta ce, "Ni ma." Jimina ta ce, "Ni ma haka." Kowa ni ma, ba mai amsa.

Yunwa ta ci Burgu, ta ci Burgu. Ya dubi rumbu, ya dubi faratansa. Sai ya ajiye waya, ya haƙa rami ta ƙarƙashi, ya ɓula gindin rumbun, ya faɗa cikin gyaɗarsa. Ya ci, ya ci, har cikinsa ya yi tulu. Ya jawo waya ya rubuta: "Ba komai, na gyara." Ya juya ya yi barcinsa.

Kai, jama'a! Zaure ya kama da wuta.

"Ka gyara? Ta yaya?"

"Me ka danna?"

"Burgu, kana ina?"

Malam Zalɓe da ya gani, don kaɗuwa sai da ya sauke ɗaya ƙafar. Ya rubuta: "Malam Burgu, ƙa'idar zaure ce, wanda ya gyara ya dawo ya faɗi yadda ya gyara, don na baya su amfana."

Da Burgu ya farka, sai ya ga saƙonni jibge. Har ya fara rubuta gaskiya, sai idonsa ya kai kan maganar Ɓauna: "Ɗana, ka taimaki tsoho. Akwai ƙwaryar zuma a ɗakina." Burgu ya haɗiye yawu. Ya goge abin da ya fara, ya rubuta: "Irin wannan gyara ba ya faɗuwa a bainar jama'a. Ku same ni a gida, ɗaya bayan ɗaya."

Zalɓe ya ce, "A zaure ake tambaya, a zaure ake amsa!" Amma wa zai saurare shi? Kowa ya riga ya kama hanya.

Ɓauna ya zo da zuma. Burgu ya lasa, ya ce, "Baba Ɓauna, wayarka ƙishi take ji. Jiƙa ta a ruwan tsamiya, kada ka tsamo sai ta yi laushi."

Kura ta zo da tsire. Burgu ya ɗanɗana, ya ce, "Gwaggo Kura, taki sanyi ne ya kama ta. Binne ta a toka mai zafi, kada ki tono sai kin ji ƙamshi."

Jimina ta zo da dabino. Burgu ya rasa ƙaryar da zai yi, ya dubi dogon wuyanta, ya ce, "Yaya Jimina, taki sai ta huta a wuri mai duhu. Haɗiye ta."

"In haɗiye?"

"Haɗiye."

Jimina ta haɗiye, ƙut! Wayar ta bi wuya a hankali, kowa na ganin tafiyarta, har ta sauka ciki.

Da a nan Burgu ya tsaya, da da sauƙi. Amma sai ya zauna ya yi tunani: rumbun kowa a kulle, ba mai iya leƙawa ciki. Sai ya ƙara wa raminsa tsawo. Ya ɓulla rumbun Ɓauna, ya kwashe dawa. Ya ɓulla na Kura, ya kwashe kilishi. Ya ɓulla na Jimina, ya kwashe gero. Yana kwasa yana leƙa zaure, yana rubuta musu, "Ku ƙara haƙuri, gyara ba ya son gaggawa."

Ashe birai ba su zauna ba. Suna ta aiki, suna ta aiki, rannan da azahar suka gano cutar, suka gyara daga can wurinsu. Sai rumbunan daji duk suka ce ƙaras, suka buɗe a tare.

Ɓauna ya sa kai, ya ga wayam. Kura ta sa kai, ta ga wayam. Jimina ta zura wuya, ta zura, ta zura, sai ta ji kanta ya bi wani rami, ya bi, ya bi, ya ɓullo tsakar ɗakin Burgu. Ga Burgu zaune a kan tulin gero, kilishi a hannun dama, zuma a gemu.

Suka dubi juna. Kilishin ya faɗi.

Burgu ya ce, "Yaya Jimina, ai ko sallama."

Kafin ya motsa, an cafke shi, an ja shi gindin kuka gaban Malam Zalɓe. Daji duk ya taru, kowa ya riƙe baki.

Ɓauna ya ce, "Ni tattake shi zan yi."

Kura ta ce, "Ni cinye shi zan yi, kilishina na cikinsa."

Jimina ta buɗe baki, sai waya ta yi ƙara a cikinta, ƙirrr! Kowa ya zabura. Ta rufe bakin.

Burgu ƙasa ta yi masa nisa, sama ta yi masa nisa. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi laifi, ban musa ba. Tambaya ɗaya gare ni. Ya halatta a haɗa ƙorafi uku a zaren magana ɗaya a zaure?"

Zalɓe ya karkata kai. Ya ce, "Bai halatta ba. Kowane ƙorafi da zarensa, kuma a rubuce."

Kura ta ce, "Malam! Ɓarawo ne fa, ga shi a hannu!"

"Na gan shi. A rubuce."

Ɓauna ya ciro wayarsa, tana ɗigar ruwan tsamiya. Kura ta ciro tata, ta zama gawayi. Sai duk suka juya suka dubi cikin Jimina.

Jimina ta ce, "Kada wanda ya matso ni."

Suka matso. Kura ta kafa baki a cikin Jimina tana ihu: "BURGU YA CINYE MINI KILISHI!"

Zalɓe ya ce, "Ba a ihu a zaure. Sake."

Ta sassauta murya: "Burgu ya cinye mini kilishi."

"Ba ki yi sallama ba. Sake."

Ɓauna ya ce shi ne babba, shi zai fara. Ya sa ƙaho zai danna wayar a cikin Jimina, Jimina ta ji cakulkuli, ta kai shuri, shurin ya sami Kura a hanci. Kura ta ciji wutsiyar Ɓauna. Ƙura ta tashi, Zalɓe na tsakiya yana faɗin, "Ɗaya bayan ɗaya! Ɗaya bayan ɗaya!"

Shi kuwa Burgu yana durƙushe kamar mai ladabi, ƙafafunsa na baya na ta aiki. Ya nutse zuwa ƙugu. Ya nutse zuwa wuya. Da ƙura ta lafa, ba Burgu, sai rami da ɗan ƙamshin zuma.

Malam Zalɓe ya leƙa ramin, ya gyara murya, ya ce, "Malam Burgu, an kore ka daga zaure."

Daga can ƙasa wata 'yar murya ta ce, "Na gode, Malam. A gaida gida."

Ya tsira da ransa, amma bai tsira da kayansa ba. Kura ta tare a ƙofar ɗakinsa, Ɓauna ya kwashe har gyaɗar Burgu ta halal. Tun daga ranar Burgu bai sake gina rumbu ba. Abin da ya samu, a kumatu yake tarawa, ya yi gaba. Ku duba kumatunsa in kun gan shi.

Ƙurunƙus, kan burgu ya shige rami. In ka gyara, faɗi yadda ka gyara. In kuma wani ya ce ka haɗiye wayarka, to ka fara kashe ta tukuna.