Kwazazzabon da Ya Ƙi Shiga Hoto

Ku matso kusa, ga ta nan tafe da ƙafarta. Wanda ya ce na yi ƙari, hanyar Azbin a buɗe take.

A Tasawa an yi wani mai hoto, Ɗanliti, wanda duk rayuwarsa kawunan mutane yake ɗauka, daga wuya zuwa hula. Kakarsa, Iya Tambai, a bakin wani kwazazzabo aka haife ta can cikin duwatsun Azbin, aka taho da ita kudu tana ƙarama. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, sai ta tara jikokinta: Ɗanliti, da Nomau mai gyaran rediyo, da Jatau tela.

"Ku mazajen banza," in ji ta, "ina so in ga kwazazzabonmu kafin idon nan ya gama tafiya, kuma ƙafa ba za ta kai ni ba. Wanda ya kawo mini shi, shi ne angona, zoben azurfar ubana nasa ne. Sauran kuwa na sake su."

"Iya, yaushe mata suka fara saki?" in ji Jatau.

"A gidan nan ni ke yi."

Alama ɗaya ta ba su: ranar da za a taho da ita kudu ta ƙwala sunanta a cikin kwazazzabon, har ayari ya tashi kwazazzabon bai amsa ba.

Suka isa Azbin, Ɗanliti ya ga kwazazzabai ko'ina, duk jajaye kamar uwa ɗaya ta haife su. Nomau kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, kamar mai laluben tasha. A bakin wani sai ya ɗaga hannu. Can ƙasa wata siririyar muryar yarinya ke haurowa tana haki: "Tambaaai!" Don tsabar zurfi, sai ranar amsar ta iso.

Ɗanliti ya leƙa. Bangaye ja jawur kamar tukunyar da aka ciro daga wuta, ƙasansu shuɗi-shuɗi, itatuwan dabino a can gindi kamar tsinken ashana. Ya sa ido a kyamara, dutse ɗaya kacal ya shiga. "Malam, ɗan matsa hagu! Ɗaga haɓa!" ya ce, don sabo. Kwazazzabo ko gezau. Ya ja da baya, ya yi ta ja, har wani ya gaishe shi da Larabci, duk da haka bai shiga ba. Sai ya dawo ya yi masa irin ta dangin amarya: kowa ya zo shi kaɗai. Ya bi gaɓa a rarrafe, hasken la'asar na zuba, ya ɗauke shi gutsure-gutsure bai bar ko tsakuwa ba.

A gida Iya ta kai hoto ɗaya dab da hanci. "Wannan ai ƙanzo ne! Ƙanzo kuka je Azbin ɗaukowa?" Jatau ya baza hotunan, ya haɗa tsagi da tsagi yadda yake haɗa zanen atamfa, ya hau keke. Ya yi ta ɗinki har hoton ya zagaye katangar gida, ya leƙa gidan maƙwabta.

Aka fito da Iya. Ta bi katanga a hankali, ta tsaya, ta dafa ƙirji. "Ga inda akuyarmu ta maƙale! Ga dutsen da nake zama!" Ta rangaɗa guɗa, ta yar da sanda, ta taka rawa. Kajin gidan ma suka koma zaure don tsoron faɗawa cikin kwazazzabon.

Da ta huta ta zare zobe, sai ga tafin hannu uku a gabanta. Ɗanliti ya so ya ce aikinsa ne, ya dubi kunnen Nomau, ya dubi keken Jatau, ya haɗiye maganar.

To jama'a, zobe ɗaya ne, Iya kuma ta rantse miji ɗaya za ta riƙe. Wanda ya gano, ko wanda ya ɗauko, ko wanda ya ɗinke: wane ne angon Iya Tambai?