Shaidar Haƙori a Jikin Ƙwallo

An yi wani mutum a garin nan, ya 'yan'uwa, wanda sana'arsa shafa laka ce. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma 'yarsa tana nan da ranta a ƙetaren kogi.

Na ga wasunku suna satar kallon agogo. Na sani, yau ake wasa na shida a gasar zakarun besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, jikinku yana masallaci hankalinku yana fili. To ku gyara zama, labarin na gasar ne.

Da yawanku kun yi furfura kuna kallon wasan nan, amma ba ku san ba a jefa ƙwallo yadda ta fito daga kwali ba. Sabuwar ƙwallo fara ce fat, ga santsi, tana iya suɓuce wa mai jifa ta fasa kan mai bugu. Sai an murje ta da wata laka da ake ɗebowa a bakin wani kogi, wurin da masu ɗebowar ba sa nuna wa kowa. Kafin kowane wasa wani bawan Allah zai zauna a ɗan ɗaki ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, da gwangwanin laka da ɗan ruwa, ya murje dozin biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya. A filin ƙungiyar garin nan, mutumin nan ne yake yi. Ni kuwa ina ɗakin da ke jikin nasa ina wankin rigunan 'yan wasa, tun ana kirana Clement, tun ban san inda alƙibla take ba.

Lokacin da abin ya faru, shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki. Laka ta shige ƙarƙashin faratansa har sabulu ya gaji ya bar ta. 'Yan wasa ba su damu da sanin sunansa ba, Laka kawai suke ce masa. Laka kawo tawul. Laka ina takalmina.

Mutum ɗaya ne yake kiransa da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Emil Hruska, mai cafe ƙwallo, wanda ke tsugunawa a bayan mai bugu. Ɗan ma'aikacin kamfanin narkar da ƙarfe ne, gajere kakkaura, yatsunsa duk a karkace, ga giɓi a gaba inda ƙwallo ta taɓa cire masa haƙori. A zamanin da in ƙungiya ta yi tafiya kudu baƙar fata ba ya shiga gidan abinci ta ƙofar gaba, Emil, duk da shi farar fata ne, yakan ɗauko farantinsa ya fito bayan kicin ya zauna da mu a kan akwatin lemo. In an yi masa magana sai ya ce, "Can ciki sauro ya yi yawa, masu taye a wuya."

Wata shekara Allah ya kai ƙungiyarmu gasar zakaru. Kafin a fara aka zo ɗaukar hoto. Mutumin nan ya sa sabuwar riga da matarsa Odessa ta goge masa, ya tsaya a can gefe. Mai hoto ya leƙo ya ce, "Kai Laka, matsa, inuwarka tana shigo min." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya matsa. Da ya dawo ɗaki sai ya ce min, "Clem, duk ƙwallon da aka jefa a filin nan sai da ta bi ta hannuna. Amma ko inuwata ba a so."

An zalunce shi? Ƙwarai an zalunce shi. Ba zan tsaya a nan in ce muku ba a yi ba, ni ma an yi min. Amma ku lura da wanda ya biya.

Gasa ta kai wasa na bakwai, wanda daga shi babu wani. A wancan zamani da rana ake bugawa, ma'aikata su ɓoye rediyo a aljihu, ofisoshi su zama kufai. Tsoho Hruska, mahaifin Emil, bai zo ba. Ƙurar kamfani ta cinye masa huhu, yana kwance a gida da rediyo a kan ƙirji.

Jifan ƙarshe, mai bugu ya kai sanda ya kuskure, ƙwallo ta faɗa hannun Emil. Mun ci. Mutane suka ɓalle shinge suka cika fili, ana fizgar huluna, ana tuge ciyawa a tafi da ita gida. Emil ya kutso da ƙyar zuwa bakin hanyar da ke gangarawa ɗakinmu, riga a yage. Ya tarar da mutumin nan a tsaye, ya danƙa masa ƙwallon a hannu ya ce, "Ɗan'uwa, riƙe min. Ta babana ce. Ko mai ƙungiya ne ya tambaya kar ka ba shi." Ya juya ya koma cikin taro.

Rigar aikin mutumin nan tana da aljihu biyu. A na hagu akwai wata ƙwallo da ya murje da safe, aka ɗan jefa ta wajen ɗumama hannu aka dawo masa da ita. Ya sa ta Emil a na dama.

Minti ashirin ya yi shi kaɗai da aljihun nan biyu. Minti ashirin kacal, ya 'yan'uwa, bai kai tsawon huɗubar nan ba. Shaiɗan bai zo masa da maganar sata ba, ai ya fi haka wayo. Cewa ya yi da shi: wa ya murje ta? Lakar wa ce a jikinta? Su suna da hoto, suna da suna a jarida, kai me kake da shi? Kuma wa zai gane? Duk duniya kai kaɗai ke iya bambanta su.

Da Emil ya shigo, jike sharkaf da giyar murna da aka kwara masa a ka, ya miƙo hannu yana dariya. Mutumin nan ya sa hannu a aljihun hagu.

Nan take Emil ya zagaya da ita, 'yan wasa ashirin da biyar suka sa hannu har ba a ganin fatarta. Ko wanka bai tsaya yi ba, ya kai wa tsohon. Washegari jarida ta buga hoton tsoho Hruska a gado, ya rungume ƙwallo da hannu biyu yana kuka.

Kun ga abin da ya faru? Tun daga ranar, ta ƙarya ta zama ta gaskiya a idon duniya, ta gaskiyar kuma ta koma abin da ake cusawa cikin tsohuwar safa a bayan kabad.

Hukuncinsa da alheri ya fara. A lokacin ba kowane ma'aikaci ake ba zoben zakaru ba, sai wanda aka ga dama. Emil ya je gaban manya ya ce in ba a yi wa mutumin nan zobe ba, shi ma a riƙe nasa. Aka yi masa. Ranar da aka ba shi na gan shi ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito ido jajir. Na ɗauka murna ce.

Odessa ce ta fara ganowa. Tana shara ta ci karo da safar. Ta tsare shi, ya faɗa mata. Ta ce, "Tsohon nan yana da rai. Ɗauki hularka yanzu, motar haya ɗaya ce tsakaninmu da su. Emil zai zage ka, ƙila ya mare ka, shi ke nan an wuce wurin."

Ya ce, "Bari a gama bukukuwa."

Aka gama. Ta sake magana, ya ce bari sanyi ya yi sauƙi. Ta sake, ya daka mata tsawa ya ce ta fita harkar da ba ta shafe ta ba. Wata biyar ƙofa tana buɗe. Wata biyar tsohon yana kwana da ƙwallon a ƙarƙashin matashi, duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi ya taɓa ya ce, "Wannan ce ɗana ya cafe."

A watan Maris tsohon ya rasu. Bisa al'adarsu suka sa shi a akwati da kwat ɗinsa, Emil ya ɗora ƙwallon a tsakanin hannayensa aka rufe. Mutum shida suka ɗauki akwatin. Kun san wanda Emil ya roƙa ya riƙe kusurwar gaba ta dama? Mutumin nan ne, ni kuwa ina tsaye a bayansu ina kallonsa.

Daga nan ya soma lalacewa, a hankali, yadda gara ke cin katako. Ya daina cin abinci da Emil. Duk ƙarshen shekara Emil yakan aiko masa da talotalo, shi kuwa ya ba maƙwabta. Ya riƙa sauya wa safar wuri, yau cikin gwangwanin fulawa, gobe ƙarƙashin katakon daɓe. In 'yarsa ta shiga ɗaki sai ya bi ta da bincike. Ya kama shan giya. Odessa ta yi haƙuri shekara tara, ran nan ta ɗauki 'yarta ta haye kogi. Abin da ta ce masa a bakin ƙofa, da bakinta ta faɗa min: "Na gaji da zama mu huɗu a gidan nan, ni da kai da yarinya da safa."

Bayan shekara ashirin da wani abu, tsofaffin kayan wasa suka yi daraja. Ya ce to, ko ba komai ta yi masa rana. Ya kai ta wurin wani dillali. Dillalin ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Baba, wannan ƙwallon ai duk garin nan an san inda take. Tana maƙabarta." Ya rantse, ya kwashe labari duka ya faɗa. Dillalin bai saya ba, amma yana da aboki ɗan jarida.

Kwana uku labari ya fito. Manajan fili ya kira shi ya ce, "In gaskiya ka faɗa, kai ɓarawo ne. In ƙarya ka yi, kai ɗan damfara ne. Zaɓi ɗaya, ka ajiye min makullai." Shekara arba'in da ɗoriya na aiki, ya fita da gwangwanin kofinsa a hannu.

Emil ya zo gidansa, ni na raka shi, don ya ce ba ya so ya je shi kaɗai. Ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi, yana dogara sanda. A hanya yana ta ce min, "Talauci ne, Clem. Ƙarya ya yi don ya sami na abinci. Da ya tambaye ni ai da na ba shi." Har a lokacin yana nema masa uzuri.

Muka shiga. Emil ya ce, "Nuna min."

Aka zaro ta daga safa. Emil ya juya ta a hannu, ya juya, sai ya tsaya cak. A gefen ɗinki akwai shaidar haƙora, da wuri ɗaya a tsakiya da babu komai. Ashe lokacin da ya cafe ta, don murna ya gartsa mata cizo, hayaniya ta mantar da shi. Ya kai babban yatsa ya taɓa giɓinsa.

Bai yi zagi ba. Wallahi da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ajiye ta a kan tebur a hankali ya ce, "Kai ka riƙe masa akwati." Ya kira shi da sunansa na gaskiya, karo na ƙarshe, ya fita.

Shekara shida bayan haka aka kira ni gidan kula da tsofaffi. Na tarar mutumin nan ya rame, ba ya iya ɗaga kai. Ya turo min safar ya ce, "Clem, kai yanzu malami ne, zai ji maganarka. Kai masa. Ka ce ya yafe min."

Na tuƙa mota awa uku zuwa garin da Emil ya koma. Na sami Emil a baranda cikin keken guragu. Na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya ce, "Babana wata biyar yana sumbatar waccan. Ya mutu yana jin abin da na cafe ne a hannunsa. Wannan in kai ta ina? In tone shi?"

Na ce, "To ka yafe masa, Emil. Mutuwa yake yi."

Hawaye suka bi fuskarsa. Ya ce, "Nawa na yafe tun tuni. Na tsohon kuwa ba ni da ikon bayarwa. Ya je ya tambaye shi."

Na juyo ina ta tunanin yadda zan faɗa masa. Ban sha wannan wahalar ba. Na tarar an naɗe katifarsa. Mai jinya ta ce tun azahar yake tambaya ko na dawo, kafin la'asar ya cika. Ko rabin yafiyar da na ɗauko masa bai ji ba.

Ga ta nan. Ku dube ta da kyau, na baya ku ɗaga kai. Fata ce da zare da lakar kogi. Emil ma ya rasu bara, bai bar ɗa ba. Wannan ita ce ta gaskiya, kuma babu mai ita a bayan ƙasa. A kanta mutum ya rasa mata, ya rasa 'ya, ya rasa aiki, ya rasa mutum ɗaya tak da ya san sunansa. Ko sau ɗaya bai taɓa ɗora ta a kan tebur ya ji daɗin kallonta ba.

Ya 'yan'uwa, amana ba sai ta dukiya ba. Duk wanda ya ce maka riƙe min ya juya baya, wuyansa ya ba ka. Kuma zaluncin da aka yi maka ba lasisi ba ne na cutar wanda ya yarda da kai, don ba mai hoto ne yake miƙo maka ajiya ba, masoyinka ne. Wanda ya riga ya zame kuwa, kada ya ce sai an gama biki, sai sanyi ya wuce. Haƙƙin mutum ana mayar da shi ne tun mai shi yana numfashi.

Wa ke da safa a bayan kabad a cikinku? Ban ce ku ɗaga hannu ba. Wasa sai yamma za a fara, akwai lokacin da za ka ɗauki hularka ka je ka buga ƙofa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya amince da mu. Allah ya ba mu ikon mayar da haƙƙi tun ba a rufe akwati ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.