Turmin Uwar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, mun kasa kunne.

A da can, matan dawa ke yi wa kowa daka, ana jin lugudensu har bakin rafi. Da suka tsufa, sai Kunkuru ya kawo kwamfuta mai hannun ƙarfe, ya ɗaura mata taɓarya, ya ajiye mata turmin da ya gada wurin uwarsa.

Ya ce wa Kura, "Ba ta jin maganar baka, sai an rubuta mata da yarenta, layi bayan layi: ki daka, ki duba, in gero ya yi laushi ki tsaya."

Kura ta ce, "Tsayawa kuma? Ai garin ba zai yi yawa ba!" Ta goge layin ƙarshe, ta rubuta, "Ki ƙara."

Kwamfuta ta yi ta daka. Gero ya zama gari, gari ya bi iska, turmi ya tsage gida biyu.

Kura ta ce, "Wai ba ta da ido ne?"

Kunkuru ya rungumi ɓarin turmin, ya ce, "Abin da kika rubuta shi ta yi. Inna kuwa, daga ƙarar turmi take sanin gari ya yi."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera a gindin turmi.